Daga Kai Sai Mai Horaswa, Ko A Cikin Taro?

Makonni uku da suka wuce wata tsohuwar ɗalibata ta biyo ta ofishina. Shekara biyar ke nan da ta kammala digirinta. Da safe tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, da yamma kuma tana kula da shagonta na ɗinki mai keke huɗu da yara uku. Bayan mun gaisa na tambayi mutanen gida, sai ta miƙo mini wayarta ta nuna mini talla biyu. Na farko na wani mai horaswa ne da zai riƙa ganawa da ita ta waya, daga ita sai shi, awa guda a mako har tsawon mako huɗu. Na biyu na wata baiwar Allah ce da ke haɗa mutum goma sha biyu su riƙa zama duk ranar Asabar har wata uku. Kuɗin kusan ɗaya ne, kuma ya kai albashinta na wata guda. Ta ce, "Malam, ku zaɓa mini, ni dai kaina ya ɗaure."

Na ce mata, "Kafin in zaɓa miki, faɗa mini abin da ke damunki." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ita dai tana so ta ci gaba a rayuwa. Na ce ai kowa ma haka yake so, har da ni da ke zaune a kan kujerar nan. Wanda ya shiga kantin magani ya ce a ba shi maganin rashin lafiya, bai faɗa wa mai kantin komai ba. Tun da ta fita nake juya wannan tambaya tata, domin na san akwai ire-irenta da yawa a cikin masu karanta wannan fili, kuma kuɗin da ake zubawa a wannan harka ba na wasa ba ne a irin halin da ake ciki.

Ita wannan sana'a ta horas da mutum a kan tafiyar da rayuwarsa da aikinsa baƙuwa ce a wurinmu, amma sunanta ba baƙo ba ne. Kalmar koci da muke ji a bakin masu sharhin ƙwallon ƙafa ta samo asali ne daga wani ƙauye mai suna Kocs a ƙasar Hangari, wanda ya yi suna wajen ƙera keken doki tun ƙarni na 15. A wajajen 1830 ɗaliban Jami'ar Oxford suka ari kalmar suka laƙaba wa malamin lesin, wato wanda ke ɗaukar ɗalibi kamar keken doki ya tsallakar da shi jarrabawa. Daga nan ta shiga fagen wasanni. A 1974 wani mai koyar da wasan tanis a Amurka, Timothy Gallwey, ya wallafa littafin da a ciki ya nuna cewa babban abokin hamayyar ɗan wasa yana cikin kansa ne, wato shakka da tsoro da yawan zargin kai. John Whitmore, wani Baturen Ingila da ya taɓa yin tseren mota, ya kwashi wannan tunani ya kai shi ofisoshin kamfanoni, ya fitar da nasa littafin a 1992. A 1995 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya da ake kira ICF, wadda matakinta na farko ke buƙatar awa 60 na karatu da awa 100 na aiki da mutane kafin ta ba mutum shaida. Sai dai wannan shaida ta ganin dama ce. Likita ba ya buɗe asibiti sai da lasisi, lauya ba ya tsayawa gaban alƙali sai an rantsar da shi, amma mai horaswa yana iya kwana bai da aiki ya wayi gari ya buga kati ya buɗe dandali a WhatsApp. Wannan shi ya sa nauyin tantancewa ya dawo kan mai biya.

Hujja mafi ƙarfi da masu horaswa a keɓe suke kafawa ta fito ne daga fagen ilimi. A 1984 Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago ya wallafa sakamakon binciken da ɗalibansa biyu masu neman digirin digirgir suka yi. An raba yara kashi uku: wasu a aji na mutum talatin kamar yadda aka saba, wasu a aji na talatin ɗin amma ana yi musu gwaji a kai a kai ana gyara musu kuskure kafin a wuce gaba, wasu kuma kowa da malaminsa, ko yara biyu zuwa uku ga malami guda. Matsakaicin yaro a kashi na uku ya fi kashi 98 cikin ɗari na yaran ajin farko. Wannan adadi ya zaga duniya, kuma har gobe ana saka shi a tallace-tallace. Abin da masu tallan ba su cika faɗa ba shi ne, matsakaicin yaro a kashi na biyu, wanda bai bar ajinsa na mutum talatin ba, shi ma ya fi kashi 84 cikin ɗari na 'yan ajin farko. Ashe wani babban yanki na ribar daga gyaran kuskure a kan kari ya fito, ba daga keɓewa kaɗai ba. Kuma a 2011 Kurt VanLehn ya tattara bincike masu yawa a kan koyarwa a keɓe, ya tarar da amfaninta na nan tabbas, amma bai kai rabin abin da Bloom ya ruwaito ba.

Ni kaina na ga wannan amfani da idona a aikin duba kundin ɗalibai. Na sha tsayawa a gaban aji in yi awa biyu ina bayanin yadda ake fitar da matsalar bincike, kowa ya gyaɗa kai, kowa ya rubuta. Mako biyu bayan haka ɗalibi zai kawo mini babi na ɗaya, in tarar babu matsalar bincike a ciki ko ta ƙwaya ɗaya. Amma idan na zaunar da shi na ɗora yatsa a kan sakin layi na uku na ce, "A nan ka saki hanya," cikin minti goma sai ya gane abin da awa biyu ba ta fahimtar da shi ba. A gaban aji ina magana ne a kan kuskure a dunƙule, kowa kuma yana zaton da maƙwabcinsa nake. A ofis kuwa kuskuren ya sami mai shi.

Akwai wani bincike da ya fi wannan kusa da halin ɗalibata. A unguwar Dandora ta birnin Nairobi, masu bincike sun ɗauki mata matasa masu ƙananan sana'o'i, suka tura wasu aji aka koya musu lissafin kasuwanci da dabarun talla, wasu kuma aka haɗa kowace da wata 'yar kasuwa da ta girme ta a sana'ar a cikin unguwar. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa ajin bai ƙara wa matan riba ba, alhali waɗanda aka haɗa da manya ribarsu ta ƙaru da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Abin da manyan suka ba su ba wani zurfin ilimi ba ne. Sun nuna musu wurin da ake sarin kaya da rahusa, da wanda za a je wurinsa, irin sanin da Bahaushe ya taƙaita da cewa da ɗan gari akan ci gari. Duk wanda ya san yadda yaro ke tashi a hannun ubangidansa a Kantin Kwari ko Kasuwar Singa ba zai yi mamakin wannan ba. To amma binciken yana da wutsiya: da zumuncin ya yi sanyi aka daina haɗuwa, sai ribar ta riƙa zagwanyewa. Wannan shi ne raunin dogaro da mutum guda. Idan ya tafi ya tafi da fitilarsa. Idan kuma yana da karkataccen ra'ayi, babu na uku a ɗakin da zai ce a dakata. Na san wani matashi da mai horas da shi ya zuga shi ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi kasuwanci, domin shi mai horaswar haka ya yi kuma ya dace. Bai tambaye shi ko mutum nawa ne ke ci daga albashin nan ba.

Horaswa a taro kuwa ta girmi sunan da ake kiranta da shi a yau. A 1727 Benjamin Franklin, yana ɗan shekara 21 mai aikin ɗab'i a Filadelfiya, ya tara abokansa masu sana'ar hannu suka kafa wani zama da suka kira Junto. Duk daren Juma'a suke haɗuwa, kowa ya kawo tambaya a tattauna, kuma wajibi ne kowane ɗan zaman ya rubuta maƙala ya karanta sau ɗaya a wata uku. Daga wannan zama ne ɗakin karatun da suka kafa a 1731 ya fito, kuma zaman ya yi kusan shekara arba'in yana gudana. Abin lura a nan shi ne sun tsaya a kan mutum goma sha biyu. Da masu son shiga suka yi yawa, Franklin ya ba da shawarar kowane ɗan zaman ya je ya kafa nasa ƙaramin zaman maimakon a faɗaɗa na asali. Zan dawo kan wannan adadi.

A zamaninmu an gwada irin wannan a birnin Nanchang na ƙasar Sin. Masana tattalin arziki biyu, Jing Cai da Adam Szeidl, sun bi kamfanoni 2,820, aka haɗa shugabannin wasu daga cikinsu rukuni rukuni na mutum goma, suna zama sau ɗaya a wata har shekara guda. Babu wani gwani da aka ɗauko ya yi musu lacca, su ne malaman junansu. Cinikin kamfanonin da suka shiga zaman ya ƙaru da kashi 8 cikin ɗari da 'yan kai, kuma bambancin bai gushe ba shekara guda bayan an daina zaman. Masu binciken sun kuma lura da wani abu da kowane ɗan kasuwa ya sani a zuciyarsa: mutane sun fi sakin labari mai amfani idan waɗanda ke zaune da su ba abokan gasarsu ba ne. Teloli goma na layi ɗaya ba za su faɗa wa juna inda ake samun yadi da araha ba. Tela da mai gidan burodi da mai sayar da magani kuwa babu abin da zai hana su.

Ga dukkan waɗannan hujjoji, mai karatu zai iya cewa an yi kunnen doki. A ganina ba a yi ba, domin hanyoyin biyu ba ciwo ɗaya suke magani ba, kuma mabuɗin gane haka yana cikin wata ɗabi'a da muka fi kowa saninta, wato kunya.

Kunya iri biyu ce a wannan fage. Akwai wadda ke rufe baki, akwai wadda ke tayar da mutum tsaye. Ta farko ita ce ke hana magidanci faɗa a gaban mutum goma cewa bashi ya kai masa iya wuya, ko ma'aikaciya ta ce maigidanta a ofis yana matsa mata, ko malamin jami'a ya amsa cewa shekara uku ke nan bai iya rubuta shafi guda ba. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba a yin wankan a tsakiyar kasuwa. Wanda matsalarsa ke lulluɓe da irin wannan kunya, idan ya shiga taro zai yi wata uku yana kawo ƙananan matsaloli masu tsabta, waɗanda ba za su zubar masa da mutunci ba, ya koma gida da babbar a cikinsa. Kuma tsoron nasa ba na banza ba ne. A garuruwanmu kowa ya san wani da ya san wani, maganar da aka yi a zaman Asabar tana iya riga mutum isa gidan surukansa. Irin wannan mutum keɓewa yake buƙata, da wanda zai riƙe amana.

Kunya ta biyu kuwa ita ce jarin adashi. Babu macen da ke zubin adashi da ba ta san yadda ake ajiye kuɗi ba. Asusu na nan, banki na nan, kuma adashi ba ya ƙara mata ko sisi a kan abin da ta zuba. Abin da take saye shi ne idon sauran mata da ƙafar uwar adashi a ƙofar gidanta ranar zubi. Ta san idan ita kaɗai ce za ta fasa asusun kafin wata ya ƙare, don haka ta ɗaure kanta da igiyar jama'a. Mafi yawan abin da muke kira rashin ci gaba irin wannan ne. Mun san ya kamata mu rubuta shiga da fitar kuɗi, mu tashi da wuri, mu gama kundin da muka fara, mu rage zama a majalisa. Sani ba shi ne ya yi mana ƙaranci ba, ɗorewa ce. Mai horaswa guda da kake biya yana da sauƙin lallashi, domin kai ne mai kuɗin, kuma ba ya so ya rasa ka. Ka ce masa an yi rasuwa a unguwa, ya ce Allah ya jiƙan rai, a ɗaga zuwa mako mai zuwa. Amma mutum bakwai da suka cika nasu alkawarin suna kallonka, su ma an yi rasuwa a unguwarsu, wannan kallo ya fi kowace lacca aiki.

Na ga haka a tsakanin ɗaliban digiri na biyu. Akwai shekarar da biyar daga cikin waɗanda nake dubawa suka maƙale, kowa ya san abin da zai gyara, na faɗa masa a keɓe ba sau ɗaya ba, amma shiru. Sai na haɗa su na ce duk ranar Laraba kowa ya zo da shafi uku ya karanta a gaban sauran. Ban ƙara musu wani ilimi ba. Huɗu daga cikinsu sun gama a wannan zangon. Na biyar ya daina zuwa, daga baya na gane cewa tasa matsalar ta gida ce, irin ta kunyar farko, kuma ni ne na yi kuskuren saka shi a taro.

Taro yana da wata kyauta kuma da keɓewa ba ta iya bayarwa. Irvin Yalom, likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Stanford, wanda littafinsa na 1970 ya zama madogara a fannin jinya a rukuni, ya lissafa abubuwan da ke warkarwa a cikin taro, kuma daga cikin na gaba gaba akwai ganewar da mutum ke yi cewa ba shi kaɗai ba ne. Mai horaswa yana iya rantse maka cewa kowa na fama da abin da kake fama da shi, ka ɗauka lallashi ne. Ranar da ka ji wani da kake ganin ya fi ka ya buɗe baki ya faɗi ainihin abin da ke hana ka barci, wani dutse ne ke sauka daga ƙirjinka. A nan ma wani lokaci kunyar farko takan narke da kanta, idan an sami wanda ya fara.

Sai dai ba kowane taro ne taro ba. Yalom ya fi son mutum bakwai ko takwas, Franklin ya tsaya a goma sha biyu, na Nanchang goma goma ne. Lissafin a fili yake: zaman awa biyu na mutum takwas yana ba kowa kwata guda, na mutum arba'in minti uku. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Tun a 1913 wani injiniyan aikin gona na Faransa, Max Ringelmann, ya nuna cewa idan mutum takwas suka ja igiya tare, kowannensu kusan rabin ƙarfinsa yake sakawa. Mutum ɗari uku a ɗakin taron otal, ana tafi ana kabbara da mai magana, wannan wa'azin zaburarwa ne, yana da daɗi kuma zafinsa kan kai kwana biyu, amma kada a sayar maka da shi da sunan horaswa. Haka dandalin WhatsApp mai mutum ɗari biyu da ake turo wa saƙon murya kowace safiya.

Akwai kuma wata illa da ta fi kama mu saboda tarbiyyarmu. A gwajin da Solomon Asch ya yi a farkon shekarun 1950, kimanin kashi uku cikin huɗu na mutanen da aka gwada sun bi jama'a a kan amsar da idonsu ke nuna musu kuskure ce, aƙalla sau ɗaya. Wannan a tsakanin baƙin juna ke nan, sa'o'in juna. Ina ga an saka Alhaji mai shekara sittin a zama ɗaya da yaron da ya gama bautar ƙasa bara? Yaron ba zai musa masa ba ko da ya ce rana daga yamma take fitowa, kuma daidai ya yi bisa ladabin da aka koya masa. Na sha ganin ɗaliba mai kaifin basira ta yi zango guda ba ta ce uffan ba a ajin da maza suka fi yawa, sai a takardar jarrabawa in gane ashe ita ce ta fi kowa. Wanda zai haɗa taro a ƙasar Hausa bai kula da shekaru da jinsi da matsayi ba, ya haɗa majalisar mutum biyu ne da 'yan kallo goma. Ita ma keɓewa tana da nata ƙa'idar a al'adarmu. Mace da za ta riƙa ganawa da namiji baƙo daga ita sai shi, ko ta waya ce, tana buƙatar sanin mutanen gidanta, kuma mai horaswa na kirki shi zai fara kawo wannan magana.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, kakanninmu sun warware wannan takaddama tun kafin a haife ta. Duk wanda ya taɓa zama a makarantar zaure ya san tsarin. Ɗalibai sun kewaye malam, kowa da littafinsa, wani yana Ahalari, wani yana Risala, wani ya kai Muhtasar. Idan layi ya zo kanka kai kaɗai malam yake fuskanta, ka karanta ya fassara, ya gyara maka wasalin da ka karya, ya tsayar da kai inda ya ga ƙarfinka ya tsaya. Amma duk wannan a kunnen sauran ake yi. Na baya yana jin karatun na gaba tun kafin ya kai wurin, na gaba yana maimaita abin da ya wuce ba tare da ya buɗe littafi ba, kuma wanda bai zo ba kowa ya ga gurbinsa. Idan kuma akwai maganar da ba ta zaure ba ce, ɗalibi ya jira a watse ya bi malam zuwa ƙofar gida. Gyaran kuskure a kan kari da Bloom ya auna, da idon jama'a na adashi, da sirrin keɓewa, duk suna cikin zaure guda, kuma ba a karɓar albashin wata.

Wani abu mai kama da wannan aka yi a birnin Lome na ƙasar Togo, a wani bincike da masanan Bankin Duniya suka yi tare da masanin halayyar ɗan Adam Michael Frese, aka wallafa a 2017. Masu ƙananan sana'o'i 1,500 aka raba uku. Kashi biyu sun sami awa 36 na horaswa a aji, sannan mai horaswa ya riƙa ziyartar kowa a shagonsa sau ɗaya a wata har wata huɗu. Kashi ɗaya an koya musu darussan kasuwanci da aka saba, ɗayan kuma an horas da su a kan zaburar da kai, da hangen matsala kafin ta zo, da jure faɗuwa. A cikin shekara biyu ribar kashi na biyun ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, ta na farkon kuwa da 11, wanda masu binciken suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba. Tsarin zaman iri ɗaya ne, abin da aka zuba a ciki ne ya bambanta. Don haka wanda ya tsaya a kan tambayar mutum nawa ne a ɗakin, bai tambayi me za a koya ba, kuma wa zai koyar, ya yi cinikin biri a sama.

Wani gargaɗi da ba zan tsallake ba: akwai abin da ba na mai horaswa ba ne ko kaɗan. Wanda ya yi makonni barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, yana jin rayuwar ba ta da amfani, likita yake buƙata. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri don haka aka gina su, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Mai horaswar da ya ji irin wannan bayani ya ce ka ƙara ƙarfin zuciya ka sake biyan wata guda, ka guje shi.

Ita dai ɗalibata, da na ci gaba da tambaya, sai maganar ta fito kashi biyu. Na farko, dangin mijinta suna kawo ɗinki ba sa biya, ita kuma ba ta iya tambaya, har albashin makaranta take zubawa a shagon don ta biya yara. Wannan ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Na biyu, ta sayi littafin rubuta ciniki har sau uku, kowanne ba ta wuce mako guda tana rubutawa ba. Na ce mata, "Ta farkon ki nemi wata babbar tela a wata unguwa, wadda ta yi shekara ashirin a sana'ar, ki kai mata gaisuwa ki zauna da ita. Babu telar da ta kai wannan shekaru ba ta sha fama da dangi ba. Ta biyun kuwa taro take so. Amma kafin ki biya, ki tambayi mai haɗa zaman: mutum nawa ne, su wane ne, minti nawa kowa zai samu, me ake yi wa wanda bai cika alkawari ba, kuma ko za ta haɗa ki da mutum biyu da suka gama da ita bara."

Shekaranjiya ta kira ni. Ta yi tambayoyin, aka ce mata saboda yawan masu so, sha biyun nan sun zama arba'in, kuma za a koma yi ta waya. Ta riƙe kuɗinta. Ta nemo abokan karatunta huɗu, ɗaya mai sayar da kayan kicin, ɗaya mai yin cincin da kek, biyu malaman makaranta, suna haɗuwa a shagonta ranar Asabar bayan la'asar. Babbar telar ma ta same ta a wata unguwa, sun zauna sau ɗaya, ta ce abin da matar ta fara tambayarta shi ne ko mijinta ya san adadin kuɗin da take bin 'yan'uwansa. Bai sani ba. A zaman Asabar mai zuwa an ɗora mata ta zo da littafin ciniki cike da kwana bakwai, kuma a lokacin da muke magana kwana biyu ta rubuta.